Filayar da Ta Fito da Baba Waje

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Asabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma abin da na gani a gidanmu na Maruta ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai, kuma ke ce za ki fi kowa gane shi.

Inna, tun da kika rasu Baba ya yi shiru. Mun kai shi asibiti, aka duba aka ce lafiyarsa ƙalau. Amma daga masallaci sai ɗaki. Matar Kawu Idi takan aiko da abinci, kwanon ya koma kusan yadda ya zo. Ashe ke kike cika gidan nan da mutane: masu aron rariya, masu aron turmi, masu zuwa ɗibar garwashi su zarce da hira. Da aka raba kayanki, sai ƙafa ta ɗauke.

Yaya Sani ya yanke shawara cewa da an gama girbi zai ɗauko shi ya dawo da shi wurinmu a Birnin Kudu, a rufe gidan. Baba bai yi musu ba, cewa kawai ya yi, "To." Kin san mijinki, mutumin da zai yi gardama a kan gishirin miya. Wannan "to" ɗin ta tsorata ni fiye da duk wani ciwo.

Da na je gaishe shi a farkon damina, na tarar da shi ya rungumo bokiti daga bakin rijiya, ruwa na zuba masa a riga, saboda mariƙin ya cire. Na juya baya na share hawaye. Ke da kina nan, da tuni kin lanƙwasa wayar mariƙin da dutse kina yi masa tsiya, kina cewa, "Malam dai sai alli da allo, ƙusa ma ta fi ƙarfinsa."

Shi ya sa da na koma Birnin Kudu na shiga wajen masu kayan gini neman filaya. Mai shagon ya zube mini kala uku. Akwai mai dogon baki, ya ce ta masu gyaran rediyo ce. Akwai wata mai nauyi, tana ƙyalli cikin kwalinta, ya ce har jikoki sai sun gaje ta. Sai kuma wata 'yar talaka mai jan roba a hannu, irin wadda ake jibgewa a kwando a bakin ƙofa.

Wallahi mai tsadar na fara ɗauka, don ina so a ce Uwani ta yi wa ubanta abin kirki. Sai na tuna akwatin nan na ƙarƙashin gado. Agogon da Yaya ya kawo masa daga Makka yana ciki. Takalmin Sallah yana ciki, da tocilan ɗin da ba a taɓa sa wa batir ba. Duk abin da Baba ya ga yana da daraja, akwati yake kai shi ya kulle. Na ajiye ta, na sa hannu a kwando.

Mai shagon bai ji haushi ba. Shi ya nuna mini yadda ake zaɓe: a rufe bakin a ɗaga sama, in haske bai ratsa tsakanin haƙoran ba, to sun haɗu. A buɗe ta da hannu ɗaya a ji ko tana cijewa. A murɗa robar a ga ko za ta zame. Ya ba ni guntun waya na datse, ya ce a riƙa ɗiga mata man keke kada ta yi tsatsa. Ya ƙara da cewa, "Ta gyaran gida ce, Hajiya, ba ta kanikanci ba."

Da na miƙa wa Baba, ya juya ta ya sake juyawa, ya ce, "Ni kuma me zan yi da wannan?" Amma bai kai ta akwati ba. Ya gyara bokitin, a karkace dai, ya rataye ta a ƙusar zaure. Ni iyakar abin da na nema ke nan.

Inna, sauran ikon Allah ne, babu dabarata a ciki. Kawu Idi ya hango ta, ya ara ya ɗaure birkin kekensa. Hajiya Tabawa ta zo da kanta saboda murhun gawayinta. Wani makiyayi ya zo da hantsi, waya ta shige wa saniyarsa a kofato. Kuma kin san ba a aro a tsaye. Sai an yi sallama, an zauna, an tambayi gida da gona. Ranar mayarwa a sake zama, wani da dafaffiyar gyaɗa, wani da gasasshiyar masara. Baba ya fito da tabarma zaure. Har doka ya kafa: wanda ya ara shi zai dawo da ita da ƙafarsa, ba a aiko kowa. Da na ji wannan doka na daɗe ina jinjina kai, na san malamin makaranta ya farka.

Ranar da muka je ɗaukarsa, ni da Yaya, mun gyara masa ɗaki a Birnin Kudu, mun zo da mota. Muka tarar da zaure babu kowa, ɗaki babu kowa. Gabana ya faɗi. Muka bi gari muna tambaya, wannan gida ya ce yanzu ya bar nan, wancan ya ce ya sha fura ya wuce.

Can bayan gari muka same shi, a ƙofar wani tsohon ɗalibinsa, ƙafa duk ƙura, yana gardama a kan irin geron da ya fi jure fari. Yana dariya, Inna. Na tsaya ina kallonsa kamar ban taɓa ganinsa ba. Wai filayarsa yake nema, an ara an ba wani, wani ya ba wani. Yaya ya ce ya shiga mota, zai saya masa guda goma a Birnin Kudu. Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Tawa nake nema. Ku gaida gida, ni ina da aiki."

A hanyar komawa mota Kawu Idi ya ja ni gefe yana murmushi. Ya ce filayar tana gidansa, katanga ɗaya da namu, kuma tun da asuba a masallaci ya gaya wa Baba. Baba ya ce ya ji, zai biyo ya karɓa. Sai ya ɗauki sandarsa ya fara nema daga ɗaya ƙarshen garin.

Muka koma Birnin Kudu mu biyu. Da muka hau titi, sai Yaya ya tsayar da mota a gefen hanya ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka. Ba a rufe gidanki ba, Inna.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya saka miki da Aljanna a kan kowace rariya da kika bayar aro. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da ƙarfin ƙafa, ya haɗa mu da ke a gidan da ba a rabuwa. Amin.

Taki har kullum,
Uwani