Ba Za a Yanka Filin Ba, Umma

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, kabarinki yalwatacce, cike da haske. Ni ce Saudatu, 'yarki ta tsakiya, wadda kike cewa bakinta ke riga ta shiga ɗaki. Na san takardar nan ba za ta iso hannunki ba, mutanen shafina na intanet ne za su karanta. Amma da ke nake magana, su sai su yi haƙuri su saurara daga gefe.

Umma, albishirinki. Da kina nan da kin ce goro fari tas, ni kuma in ja miki rai. Yau ba zan iya jan rai ba. Ba za a yanka filin ba. Wallahi har yanzu in na faɗa sai in ji kamar an sauke min buhun hatsi daga ka.

Bari in koma baya kaɗan saboda masu leƙenmu. Gidanmu na Nassarawa irin tsofaffin gidajen Ji'ar'e ne, gini kaɗan, fili har ya yi yawa. Tun kina malamar firamare kika sa aka ɗaura mana lilo a bayan gida, yaran maƙwabta suka fara tsallakowa. Da kika ajiye aiki sai kika fasa ƙofa ta baya, kika sa dokunan wasa masu juyawa, daga baya ƙaramin jirgin ƙasa ya zo. Ranar Sallah yara daga Gama da Tudun Wada sai sun cika layinmu da sababbin kaya. In maƙwabta suka kawo ƙarar hayaniya, amsarki ɗaya ce: "Ku bar su su yi ihu, a gida ai an hana su."

Bayan rasuwarki wurin ya fara mutuwa a hannunmu muna kallo. Fenti ya koɗe, jirgin ya koma yini biyu yana aiki, yini uku yana wajen makaniki. Yaran da suka zo ma sai ka ga sun zauna a kan lilo, kai a sunkuye, suna buga gem a wayar uwarsu. Dillalai kuwa har sun san lokacin shan shayinmu. Kowa da zanen yadda zai yanka filin ya jera gidajen haya.

Autanki Mubarak ne ya ce bai yarda ba. Kin san shi da zanen gine-gine, ko a faranti ka ba shi tuwo sai ya fitar masa da ƙofa da taga. Ya ce tunda gem ya ƙwace mana yaran, to mu gina musu gem ɗin a ƙasa. Ya nemi kamfanoni uku masu wasannin da yara suka fi haukacewa a kai, ya roƙi izinin amfani da wasanninsu. Tsarinsa shi ne a faɗaɗa wurin zuwa fegin da ke bayan mangwarori, a fara da titin tseren motoci, bayan shekara ɗaya ko biyu a ƙara duniyar tsalle-tsalle, in Allah ya nufa daga baya a yi ta uku. Da ya baje mana zanen, Umma, sai da na tafa. A bakin kowace ƙofa kuma ya zana jarumin wasan a tsaye, mutum-mutumi ƙato wanda ya fi katangarmu tsawo, domin haka kamfanonin suke yi a ƙasashen waje.

Nan Yaya Auwalu ya ɗora yatsa a kan takardar. Ya ce, "Wannan fa?" Mubarak ya yi bayani. Yaya ya jingina da kujera ya ce, "Ba a filin mahaifiyata za a kafa gumaka ba. In kun nace, a kira malamai a raba gado, a ba ni kasona, ku yi abin da kuka ga dama da naku."

Kin san in aka cire kason Yaya, abin da zai rage ko layin jirgin ba zai ɗauka ba. Rabawa na nufin rufewa, rufewa kuma na nufin dillalai. Mubarak ya ce kamfanonin sharaɗinsu ke nan, kuma in babu jaruman me za mu nuna wa yara? Yaya ya ce shi dai ya gama magana. Gaskiya ni ma zuciyata ba ta kwanta da mutum-mutumin ba, amma rufe ƙofar da kika fasa da hannunki ya fi tsaya min a rai.

Watanni muka yi a haka. 'Ya'yanki maza suka koma gaisuwar masallaci, hannu kawai, ba kallon ido. Ni ce 'yar aike. In je Gama wajen Yaya in dawo da "a'a", in zo wajen Mubarak in kwashi "ai shi ne ba ya fahimta". Bakin nan nawa da kike yi wa tsiya ya yi aiki har ya gaji, bai tsinana komai ba. Na rame, Umma, har a wajen aiki ana tambayata ko azumin nafila nake yi. Daga ƙarshe Yaya ya sanar da mu ya yi wa malamin rabon gado magana, zai zo mako mai zuwa.

Ranar Asabar kafin zuwan malamin muka haɗu a falonki bayan azahar, wai zaman ƙarshe. Mubarak ya jona na'urar gem a talabijin don ya nuna wa Yaya abin da ake magana a kai, Yaya ko kallo bai yi ba. Takwararki Ummi, 'yar Yaya da ya sa wa sunanki, ita ta samu banza, ta zauna a ƙasa tana tseren mota. Magana ta fara zafi, sai na ce bari in sanyaya, na ce, "Ummi, tashi ki ɗauko mana zoɓo a firij." Yarinyar nan ta miƙe, ta jefa wa ubanta hannun gem ɗin a cinya ta ce, "Abba, riƙe min, don Allah kar ka bari a wuce ni." Ta fice da gudu.

Da wani ne da ya sha harara. Amma Yaya bai taɓa iya ce wa mai sunanki a'a ba. Ya ɗauki abin da yatsu biyu kamar an miƙa masa murfin tukunya mai zafi. Ya danna wani wuri, motar ta yi kan katanga ta daki bango. Ya ƙara dannawa, ta juya tana kallon inda ta fito. Ya ɗaure fuska ya ce, "Wai ina direban motar nan yake?"

Mubarak ya ce, "Kai ne, Yaya."

"Ni?"

"Hannayen nan da kake gani a kan sitiyari, naka ne. Danna na dama ka riƙe."

Umma, da ma kina nan. Yaya Auwalu, mai furfura a gemu, wanda yara ke ɓuya in sun ji tarinsa, ga shi yana karkata jiki duk inda titi ya karkata. Hula ta zame ta koma ƙeya. Mubarak ya matso har gwiwarsu na gogar juna, yana cewa, "Birki, Yaya, birki!" Ummi ta dawo da zoɓo ta tarar an wuce ta, har na ƙarshe ya wuce ta. Ta ce a ba ta abinta, ubanta ya ce, "Tsaya tukuna, wancan jan ne ya cuce ni." Ni kuwa na toshe baki da mayafi don kar dariyata ta ɓata lamarin. Kiran la'asar ne ya raba su, suka fita masallaci tare.

Da suka dawo Yaya bai zauna ba. Ya tsaya a kan zanen ya ce, "Mubarak, ɗazu ka ce ni ne direba. To yaron da zai zo nan, kallon direba zai zo yi ko tuƙi?" Mubarak ya ce tuƙi. Yaya ya ce, "To gunkin na mene ne? Ka ba yaro hular direban da rigarsa, ka gina masa titin. Shi ne jarumin, ba sai an kafa masa wani ba."

Mubarak ya buɗe baki zai yi gardama, kin san halinsa, sai ya rufe. Ya juya bayan takardar ya fara zane a tsaye. Zoɓon nan har sanyinsa ya tafi ba wanda ya tuna da shi.

Sabon tsarin ke nan, Umma. Babu mutum-mutumi ko ɗaya. Za a gina duniyar wasan kamar yadda take a allo, da tituna da gadoji da launukanta da sautinta, a bakin ƙofa kuma a sa wa yaro kayan jarumin ya shiga da ƙafarsa. Yaya ya ɗaga zuwan malamin har mu ji daga kamfanonin, wannan jiran kuwa ya fi komai cin rai. Mafi girmansu ya ƙi, ya ce in ba jaruminsa a bakin ƙofa ba ya yi. Muka ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Mubarak ya yi kwanaki yana kumbure-kumbure, don wasansu ne ya fi so. Sauran biyun suka yi ta kai da komo, a gyara nan, a canza can, har makon nan suka ce sun amince. Malamin rabon gado ya zo dai, don Yaya ya ce ba a sallamar malami ta waya. Ya sha shayi, ya yi miki addu'a mai tsawo, ya tafi bai auna ko taku ɗaya ba.

Da a nan labarin ya tsaya da na rufe takarda. Amma akwai abin da ya faru jiya, shi ya sa na zauna rubuta miki.

Mun zagaya fegin mu uku, Mubarak na nuna inda titi zai bi, yana cewa motocin ƙanana za a kawo, daidai tsawon yara. Yaya ya ce, "A sa manya guda biyu ko uku, waɗanda babba zai iya shiga." Mubarak ya fashe da dariya ya ce, "Yaya, gem ya kama ka ke nan." Yaya bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni ban taɓa hawa komai a filin nan ba. Ko lilo."

Gaskiya ya faɗa, kuma ban taɓa lura ba. Shi ne ɗanki na fari, an yaye shi aka kai shi Gama wajen kaka, can ya girma. Ranar Sallah a kawo shi da sabuwar riga, ya durƙusa ya gaishe ki, ki amsa kina kallon wani wuri. Ya koma gindin mangwaro ya tsaya, ke kuma kina can kina tura 'ya'yan mutane a lilo, kina kiran kowa da sunansa. Nasa sunan bai taɓa fita daga bakinki ba. Kunyar ɗan fari ce, haka kika tarar ana yi, kuma kowa ya yaba miki a kai. Mu mun ɗauka ya wuce wasa ne, ashe jira yake a ce masa ya zo.

Ban ga laifinki ba, Umma, amma na ji masa ciwo har cikin raina. Sai na gaya masa abin da ni na sani shi bai sani ba. Na ce duk ranar da ya zo, sai kin ja ni kicin kin ce, "Yaron nan ya ci abinci kuwa? Ƙara masa nama, kar ki ce ni na ce." Na ce in zai tafi, kina tsayawa a bayan labulen taga har sai ya sha kwana. Yaya ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga. Da muka juyo, shi ya riƙe wa Mubarak takardun zanen har mota.

Aiki na nan gaba, ba a ko haƙa tushe ba, kuma na san za a sake yin faɗa a kan fenti ko kan wanda zai tsaya a ƙofa. Wannan ba ya tayar min da hankali. Filinki na nan a dunƙule, 'ya'yanki na cin abinci a kwano ɗaya. Mun riga mun yanke cewa ranar buɗewa Yaya ne zai fara hawa, shi kaɗai a kan titi, kafin a saki yara. Ni kuma na ɗauki wa kaina wani aiki, ban gaya wa kowa ba sai ke. Zan tsaya a bakin layin ƙarshe, in ya taho, sau ɗaya a rayuwata zan ajiye "Yaya" a gefe. Zan ɗaga murya yadda duk filin zai ji, in ce, "Auwalu, taho!" A madadinki zan faɗa, Umma. In rashin kunya ne, ki yafe min.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya sa dariyar kowane yaro da ya taɓa shiga filin nan ta zame miki haske. Allah ya haɗa mu da ke a Aljanna Firdausi, inda za ki kira shi da bakinki. Amin.

Wassalam.

Taki har abada,
Saudatu