Ni na toshe famfon Birnin Rum, ba Usta Hamidu ba

Zuwa ga Mai Girma Mudir na kamfanin da ke sayar mana da tarakta da kayan gyaranta, Khartum.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikatan ofis. Mu nan Gadarif sai godiya. An yanke riɗi, dawa ta nuna, injunan girbi sun fita Doka da Gadambaliya, kuma ba wanda ya dawo warsha, wato garejinmu, a kan lori tukuna.

Sunana Sale Abakar, makanike a warsharku ta Gadarif. Ni ne mutumin da ya toshe famfo a Birnin Rum. Na san labarin ya riga ni isa teburinka, shi ya sa na ga gara in faɗa da bakina. Na rubuta maka wasiƙa ɗaya da Larabci, wannan kuma da Hausa zan manna ta a ƙofar warsha bayan amsarka ta iso, don mutanenmu su karanta.

Bayan girbin bara kamfani ya kai mu shida Italiya koyon sabon inji. Muka yi mako biyu a masana'anta, sannan aka ba mu kwana biyu mu ga Birnin Rum. Allah ya saka da alheri, har yau in na tuna sai in kama kaina ina murmushi a ƙarƙashin tarakta. Amma da muka dawo, jagoran tafiyarmu, Ustaz Mu'utasim na ofishinku, ya rubuta cewa na lalata kayan gwamnatin Italiya, na kunyata kamfani, kuma mutanen gona ba su dace da Turai ba. A kan wannan kuka yanke cewa tafiyar bana ta 'yan ofis ce kaɗai, kuka cire sunan Usta Hamidu, dattijon da ya koya mini riƙe sifana. Kukana ke nan. Takardar da kuka raba mana a filin jirgi, mai suna nasiha ga matafiyi, ita ya kamata a tuhuma, kuma ga dalilaina ɗaya bayan ɗaya.

1. Maganar famfo. Ranka ya daɗe, ka san Gadarif da rani. Ruwa a bayan jaki yake zuwa, a cikin ganga, kuma sai ka yi wa mai jakin magana mai daɗi. Ruwan da na yi alwala da shi, matata tana tara shi a kwano ta zuba wa lemon tsakar gida. A gona kuwa na hafir muke sha, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, sai mun tace shi da bakin rawani. To mutumin da ya tashi a haka, ka ajiye shi da hantsi a wani lungu na Rum, ya ga ƙarfe a tsaye kamar turmi, da baki lanƙwashe, ruwa garau mai sanyi yana zuba ƙasa ba tulu ba bokiti, mutane suna wucewa ko kallo ba sa yi.

Na nemi abin murɗawa, babu. Na duba ko mai gidan yana kusa in gaya masa famfonsa ya lalace, ban ga kowa ba. Sai na yi abin da kowane makanike zai yi. Na nannaɗe hankicina na cusa a bakin, na ɗaure da igiyar roba da ba ta rabuwa da aljihuna. Aiki ya yi kyau, ruwa ya tsaya. Abin da ban lura da shi ba, akwai wani ɗan rami a saman bututun. Ruwan nan ya taso ta ramin, ya yi baka a sama, ya sauka daidai ƙeyar Ustaz Mu'utasim, wanda ke tsaye da kwat ɗinsa yana duba taswira, ana shirin ɗaukar mu hoto. Da na danne ramin da babban yatsa don in ceci Ustaz, sai ruwan ya watsu ko'ina, ya sami taswirar, ya sami mai hoto, ya sami wasu baƙi da ba su ji ba ba su gani ba.

Wata tsohuwa mai ƙaramin kare ce ta fitar da ni. Dariya ta hana ta magana. Ta kwance robar, ta zare hankicin ta miƙo mini, ta sa yatsa ta toshe bakin famfon, ruwa ya taso ta ramin, ta sunkuya ta sha. Ashe haka ake sha, ramin don haka aka yi shi. Ashe famfunan nan an yi su ne su zuba dare da rana, kyauta ga mutum da kare da tsuntsu. Na sha har sau uku, tsohuwar tana tafa mini. Ba abin da ya karye, ba ɗan sandan da ya zo, kwat ɗin Ustaz kuma kafin azahar ya bushe. Takardarku ta gaya mana kada mu tofa yawu a titi, abin da ba ma yi ko a gida, amma ba ta ce uffan a kan ruwa ba. A rubuta wa na baya: famfon Rum ba ya rufuwa, ka riƙe gora ka cika, ka haɗiye tausayinka ka wuce.

2. Takalmi. Takardar ta ce mu sa kayanmu mafi kyau. Na sa markub ɗina na fata, wanda nake zuwa idi da shi. Titunan tsohon gari an shimfiɗa su da ƙananan baƙaƙen duwatsu da ƙafafun mutane suka goge suka yi santsi. Laka ta Gadarif riƙe takalmi take yi, dutsen Rum kuwa tura shi yake. Da aka yi yayyafi na zauna a ƙasa sau biyu ban yi niyya ba. A ce wa mutum ya nemi mai ƙasan roba, ya yi mako yana yawo da shi a gida kafin tafiya, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ya sani yini guda zai yi a ƙafa.

3. Gahawa. A wurinmu in an kawo jabana, butar gahawa, an zauna ke nan, a zuba na fari, a zuba na biyu, a yi hirar farashin dawa. A can mutum yana shiga, a tsaye, a ba shi ɗan abin da bai kai cikin murfin gora ba, ya kurɓe ya fita kamar ana binsa. Ni na ɗauki nawa na je na zauna a kujera, na gyara zama ina jiran zagaye na biyu. Ba wanda ya zo sai mai karɓar kuɗi, a nan na gane kujerar ma tana da farashinta. Wanda yake son ya huta ya zauna da saninsa, wanda yake son gahawa ya sha a tsaye. Gahawar kuwa, gaskiya, ta isa gahawa.

4. Bas. Babu kumsari mai bi yana karɓar kuɗi. Tikiti a shagon taba ko na jarida ake saye tun kafin a hau, in an hau kuma a cusa shi cikin wani ɗan akwati ya buga masa hatimi. Na riƙe nawa a sama tasha huɗu ina jiran wanda zai karɓa, har wani Bamisire ya ji tausayina ya ce, "Ya hajji, sa shi a nan, in masu dubawa suka hau tara za ka biya." Shi ne kuma ya nuna mini in mayar da jakata gaba in dafe ta, don cunkoson bas ɗinsu akwai masu saurin hannu kamar na kasuwar Shuwak.

5. Ibada, tamu da tasu. Mu a Gadarif mun saba fuskantar arewa maso gabas. A Italiya alƙibla ta koma kudu maso gabas, kuma ba wanda ya gaya mana, sai da muka yi salla uku muna kallon wata ƙasa daban. Allah ya karɓa, bai kama mu da abin da ba mu sani ba. Manyan coci-cocinsu kuma ana barin baƙo ya shiga kallo. A nan na yi ladabi iyakar sanina: na tuɓe takalmi a ƙofa na shiga da hulata. Mai gadi ya biyo ni da takalmin a hannu yana nuna kaina. Ashe nasu ladabin a juye yake, hula ake cirewa a bar takalmi. Layi ɗaya a takarda ya isa ya hana wannan.

6. Abinci. Mutum ya koyi faɗin "ban da alade" da bakinsu, ya riƙa faɗa ba kunya, don suna sa shi har a inda ba ka zata ba. Kifi da taliya da tumatir ba su da matsala. Ya sa dabino da gyaɗa a aljihu, saboda wasu shagunan suna rufewa da tsakar rana, abincin dare kuma ba sa fara shi da wuri.

7. Ɓata. A hanyar Doka kana hango ƙurar lori tun kafin ka ji ƙararsa. A Rum ba ka ganin taku ashirin a gabanka, lungu yana haifar lungu, kowane gida ya yi kama da ɗan'uwansa. A karɓi katin masauki mai adireshi a sa a aljihun gaba. Ni da shi na dawo da mutum biyu gida, ɗaya daga cikinsu ma ɗan ofis ne, amma ba zan faɗi suna ba.

Ranka ya daɗe, kada ka ɗauka ƙorafi kaɗai na kwaso. Na ga gini zagayayye da aka ce ya girmi Musulunci, duwatsunsa kowane ya fi injin girbi nauyi, an ɗora su a sama ba injin ɗaga kaya ba tarakta. Na tsaya na kai rabin sa'a ina lissafin igiya nawa da mutum nawa, har Ustaz ya ja hannuna. Na ga wani babban tafki da dawakan dutse a ciki, mutane suna juya masa baya suna jefa kuɗi a ruwa da gangan. A nan kam na harɗe hannuwana a baya, don na riga na koyi darasi. Na sha wani abu mai sanyi da ake yi da madara, na lemo, wanda har yanzu nake ba matata labarinsa tana cewa in rufe baki tunda ban kawo mata ba. Na yi murna a garin nan irin murnar da ban yi ba tun ranar da na fara tuƙa tarakta ni kaɗai.

Ban riƙe Ustaz Mu'utasim a zuciya ba. Duk wanda ruwan sanyi ya sauka a ƙeyarsa a gaban Turawa yana da haƙƙin yin fushi, kuma na ba shi haƙuri a can, na sake ba shi a jirgi. Amma fushin ya wuce ni ya faɗa kan wanda ko fasfo bai taɓa riƙewa ba sai bana.

Usta Hamidu ya shekara fiye da talatin yana tayar da injunanku a tsakiyar gona, inda babu inuwa babu kayan gyara. Rabin makanikan da ke tsakanin Gadarif da Doka ta hannunsa suka bi. Shi ne kaɗai a warsha bai yi dariya ba da na ba da labarin famfon. Sai ya ce, "Ya zol, ka rantse ba mai gadinsa?" Na rantse. Ya ce, "To in Allah ya kai ni, ba na son ginin nan naku. A bar ni in zauna kusa da famfon yini guda in ji ƙarar zubarsa. Halas." Tun ranar yake tambayata abin da ake yi da abin da ba a yi, ya haddace duk bakwai ɗin nan fiye da ni.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na farko, a gyara takardar nasiha, a sa abin da na lissafa, a bar mutumin da ya taɓa zama baƙo ya duba ta kafin a buga. Na biyu, a janye maganar cewa mutanen gona ba su dace da Turai ba, don injin da aka je koyo a hannunmu zai mutu kuma a hannunmu zai tashi. Na uku, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, a mayar da sunan Usta Hamidu cikin masu tafiya bana. In dole sai an hukunta wani, ga ni. A sauke takardar shaidata ta koyon injin daga bangon warsha, a hana ni kowace tafiya har in yi ritaya, na yarda, ni na riga na sha nawa ruwan.

Abu ɗaya ya rage da ya kamata ka sani. Takardar cire sunansa, ni shugaban warsha ya ba in miƙa masa, wai don mun fi kusa. Yau kwana tara tana aljihuna, ta yi baƙi da man inji. Kullum da safe yana gaishe ni yana tambaya ko an sa ranar tashi, ni kuma ina cewa ana nan ana shiri. In kun ga ba za ku sauya hukunci ba, ku aiko wanda ya rubuta rahoton ya zo Gadarif ya miƙa masa da hannunsa yana kallon idonsa, don ni ba zan iya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya albarkaci kamfani da iyalinka, ya ba mu damina mai albarka, ya sa ka ji kukan na ƙasa da kai.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sale Abakar,
Makanike, warshar Gadarif.