Bel ɗin da kuka soke ba na wando ba ne

Zuwa ga Shugaban Asusun Tallafa wa Masu Ƙananan Sana'o'i, reshen Tarauni.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a fili saboda sau huɗu ina zuwa ofishinka ana ce mini kana mitin.

Sunana Rabi'u Isa, a Gyadi-Gyadi nake. Shekarata goma sha bakwai ina kafa ƙarfe a ƙarƙashin wasu: ginshiƙan sito, rumfunan gidajen mai, rufin manyan masallatai. Bana na yi niyyar tsayawa da ƙafata. Na samu aikin farko, siton wani Alhaji a Unguwa Uku, kuma ya ce in bai ga ƙarfe a tsaye ba kafin azumi, zai ba wani. Shi ya sa na nemi rancen naira miliyan huɗu da rabi a wurinku. Kuka amince da dubu ɗari shida.

Na farko, jami'inku ya rubuta ni a matsayin mai walda. Ba na raina masu walda, a cikinsu na koyi aiki. Amma mai haɗa ƙofa da taga a ƙasa yake aikinsa, mu kuwa a sama muke yini, kan ƙarfen da faɗinsa bai kai tafin ƙafa ba. Kuɗin da ke buɗe shagon walda ba ya buɗe irin wannan kamfani. Akwai rajista, akwai inshorar ma'aikata, akwai janareta, ga hayar kiren, motar da ke ɗaga ƙarfe, wadda ko ta yi aiki ko ba ta yi ba sai ka biya kuɗin yininta. Duk na rubuta, da farashinsu.

Na biyu, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. A jerin kayana na sa bel guda takwas na ma'aikatana. Jami'inku ya ja masa jan biro, ya yi dariya, ya ce asusu ba ya sayen sutura, kowa ya ɗaure wandonsa da kuɗinsa. Na yi ƙoƙarin yi masa bayani, ya kira wanda ke bayana a layi. Ranka ya daɗe, wannan bel shi ne abin da mutum ke ɗaurawa a ƙirji da cinyoyi, ya maƙala igiyarsa a jikin ƙarfe, don in ƙafarsa ta zame ya tsaya yana reto. Malam Sabi'u, wanda ya koya mini hawa, ba shi da shi ranar da ƙafarsa ta zame. Ina kusa da shi. Yau shekara shida ke nan 'ya'yansa ne ke juya shi a kan gado.

Na uku, kada a ɗauka zama na yi ina jiran ku. Na sayar da babur ɗina na sayi bel ɗin da hulunan kwano, yanzu adaidaita nake bi zuwa wurin aiki, kuma ban ji kunya ba. Abin da ya rage kiren ne da inshora. An ba ni shawara in ja ƙarfen da igiya da ƙarfin mutane, kamar yadda wasu ke yi. Na ƙi.

Buƙatuna biyu ne. A gyara takardata, a rubuta sana'ata da sunanta, a sake duba rancen kafin wa'adin Alhaji ya cika. Sannan duk wanda za ku ba jan biro, ku fara tura shi wurin aiki ya ɗaga kai ya ga inda muke tsayawa.

In kun ba ni, zan biya har kwabon ƙarshe. In kun hana, aikin ya kuɓuce, zan koma yi wa wasu aiki in sake tarawa. Amma mutum takwas ne za su bi ni sama, na san gidajensu, na san matansu, kuma ba zan yi sallama a ƙofar kowa in ce maigidan ya faɗo ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka mataimaka masu tambaya kafin su soke.

Wassalam.

Rabi'u Isa,
Gyadi-Gyadi, Kano.