Kwalbar da Ke Ƙarƙashin Gadon Baffa

Tudun Wada, Agusta 1991

Yaya Lawal,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen Tiga. Shitu direba zai miƙa maka wannan.

Baffa na kwance a asibiti. Gudawa da zazzaɓi suka kayar da shi a ruga, muka ɗauko shi daga Doguwa ko zama ba ya iya yi. Likita ya ce jikinsa ya bushe, amma tsoho ba a ɗura masa ruwa da ka. Sai an gwada: a sa ledar ruwa ɗaya ta shige jijiya da sauri, a duba bugun jijiya, a jira fitsari. In ya zo, jiki ya karɓa, a ci gaba. In bai zo ba, ƙarin ruwan zai tafi huhu ya shaƙe shi.

An gwada, an sake gwadawa. Jijiya ta ɗan farfaɗo, amma kwalbar fitsarin da aka aje ƙarƙashin gado kullum wayam. Likita ya ce da alama ƙoda ta tsaya, ya rage ruwan sosai. Baffa sai ƙara lanƙwamewa yake.

Na gaji, Yaya. Ni ce wurin magani, ni ce wurin tuwo. Inna Turai kuwa ba ta zama, bini-bini ta ja mayafi ta zaga baya, a bar ni da tagumi.

Ƙanwarka,
Dije

Tiga, Agusta 1991

Dije,

Na amsa gaisuwa. Allah ya ba Baffa lafiya, ya saka miki. Dam ya cika, an hana mu ma'aikatansa motsawa, ni ma barci sai a tsaye.

Maganar Inna ce ta tsaya mini. Tun tasowarmu, kin taɓa ganin Baffa ya nufi bayan gida a idon ɗansa? Ko ruwa ba ya sha a gabanmu. Kina zaton Inna za ta bar fitsarinsa a kwalba, 'yarsa na kallo, ma'aikata na ɗagawa sama? In ta ja mayafi, ki bi ta. Kada ki yi mata faɗa, ita a wurinta mutuncinsa take tsarewa.

Ki gaishe su da kyau.

Lawal

Tudun Wada

Yaya,

Gaisuwa. Na bi ta. Kwalbar na cikin mayafi, fitsari ya kusa rabinta. Ta riƙe gam, ta ce, "Dije, ubanki ne fa." Na ce shi ya sa.

Na karɓe kwalbar, na ratsa ɗakin da ita a hannu har gaban likita. Ya dafe kai, ya ce a mayar da ruwan yadda yake.

Baffa ya gan ni. Ya juya fuska bango, har yau bai yi mini magana ba. Ɗazu ya ce wa Inna a ba shi kunu.

Sai ka zo.

Dije