Dunƙulen Intalla

Litinin, 15 Afrilu 2024

Mun iso Dakoro da la'asar, ni da ɗalibai shida. Zafi kamar a bakin murhu. An ba mu ɗaki biyu da rumfa a bayan kasuwar bisashe, nan ne reshen cibiyarmu ta koyar da kasuwanci har wata biyu. Masu tallafa wa cibiyar sun faɗa wa jami'a ƙarara: bana sana'a mai rai suke son gani, ba takardu ba. In babu, tallafi ya ƙare.

Shekara tara ina koyar da kasuwanci, ko allura ban taɓa sayarwa ba. Nan kaɗai zan iya rubuta wannan.

Alhamis, 18 Afrilu

Cikin ayyukan ɗalibai, na Intalla kaɗai ke iya tsayawa da ƙafafunsa. Ɗan Tagriss ne, iyayensa makiyaya, a aji da ƙyar ake jin muryarsa. Yana niƙa karan hatsi da 'ya'yan gawo, ya haɗa da dusa da gishiri da kanwa, ya danna cikin gwangwani su fito dunƙule-dunƙule. Abincin bisashe na tsakar rani, lokacin da daji ya zama fili. A jarrabawa takwas bisa ashirin na ba shi, don Faransancinsa ya yi ta tuntuɓe. Yau da na ga yadda hannunsa ke aiki sai na ji kunya.

Laraba, 24 Afrilu

Duk sun rugurguje. Ɗari da ashirin, da sun bushe sai su koma gari.

Asabar, 27 Afrilu

Inna Safi mai cuku, maƙwabciyarmu, kwana uku tana leƙenmu ta saman danga. Yau ta shigo ba sallama, ta murza garin a tafin hannu, ta ce, "Ɗiyata, duk bokon naku ba wanda ya san ƙaro? Ku jiƙa shi ya kwana, ku kwaɓa da ruwan. Kuma ku bar shanyawa a tsakar rana, ko cuku ka yi wa haka tsagewa yake."

Na ce mun gode, Inna.

Talata, 30 Afrilu

Sun kama! Intalla ya jefa ɗaya ƙasa, ya yi tsalle bai fashe ba. Lailatu, wadda ke kula da talla, ta rangaɗa guɗa har awakin Inna suka watse. Alhamdu lillahi.

Juma'a, 3 Mayu

Kasuwa ta ci, mu ba mu ci ba. Makiyaya su ɗauka, su sansana, su ajiye. Wani ya tambaya ko tubalin gini ne. Takardun tallan da na sa aka buga masu launi, iska ta kwashe su.

Da yamma wani tsohon dillali, Baba Rabo, ya zauna kan bencinmu yana ɓare goro. Ya ce, "Madan, makiyayi ba ya saye da kunne." Ya tafi ya jawo wani rago nasa, ƙashi da fata, ya ɗaure a turken gaban rumfarmu inda kowa ke wucewa. Ya ce mu ciyar da shi da abinmu kaɗai. "In ya mutu, na yafe. In ya tashi, kun huta da surutu."

Me ya haɗa shi da mu? Ko sunana bai sani ba.

Lahadi, 12 Mayu

An kira Intalla daga gida. Shanun babansa sun fara kwanciya, biyu sun mutu, rijiya ta yi nisa. Ya tsaya gabana yana murza rawani, ya ce, "Madan, in na tahi aikin ya mutu. In na zamna..." Bai ƙarasa ba.

Allah ya gani, abin da ya fara zo mini a rai shi ne cibiya, da masu tallafi da za su zo ƙarshen wata. Har na fara cewa ya jira sati ɗaya. Sai na ji abin da bakina ke faɗa. Na ce ya ɗauki buhu huɗu na dunƙulen ya bi motar gobe.

Juma'a, 17 Mayu

Ni na tsaya a rumfa. Ni, Hamdiya, da digirina uku, ina kiran "a zo a gani". Muryata ta fito siririya kamar ta ɗan tsako. Inna Safi ta yi dariya har da hawaye, sannan ta zo ta tsaya kusa da ni: kar ki bi mutum da magana, ki bari ya taɓa, ki tambayi lafiyar garkensa tukuna.

Ragon Baba Rabo ya miƙe, gashinsa ya kwanta, har tunkuyi yake kai wa. Mutane suka kewaye shi. Wani Bafillace daga wajen Korahane ya daɗe yana shafa bayansa, sannan ya ɗauki dunƙule goma. Ni da kaina na ɗaure masa. Kafin la'asar babu ko ɗaya.

Ƙafafuna sun kumbura. Ban taɓa jin daɗin gajiya irin ta yau ba.

Laraba, 22 Mayu

Saƙon murya daga Intalla, iska na kaɗawa a ciki. Wata saniya ta ƙara mutuwa, sauran sun tashi. Babansa ya karɓi wayar ya yi ta magana da Tamashek. Ban ji ko kalma ba, amma na san addu'a in na ji ta. Na saurara sau biyar.

Alhamis, 30 Mayu

Masu tallafin sun zo, sun ga rago, sun ga layin masu jira. Intalla ya dawo jiya, ya yi musu bayani da Hausa, ban gyara masa komai ba. Shekara biyu suka ƙara mana. Na so in kai Baba Rabo gabansu, ya ce yana da ciniki.

Talata, 4 Yuni

Hadari ya haɗu ta gabas, an yi yayyafi. Muna kwashe shanya Lailatu ta ce, "Madan, in ciyawa ta fito wa zai sayi dunƙule? Me za mu yi da damina?"

Su shida suka zuba mini ido, har wani ya buɗe littafi zai rubuta.

Na ce, "Ban sani ba. Ku ɗauko takalmanku mu je mu tambayi mutane."

Ba wanda ya yi mamaki sai ni.

Mota za ta zo ɗaukarmu Asabar. Na ce wa direba ya tafi da yaran, ni sai wani satin. Saboda rahoto ne, a nan ya fi saurin rubutuwa. Inna ta ce in zo da sassafe, za a kwaɓa.