Na Garƙame Ɗakin Injin Baba, Ya Daina Yi Min Magana

Anti, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya ɗau zafi. Mahaifina ne zai sa min hawan jini, kuma a kan abin da bai fi zoben yatsa girma ba.

Tun da Mama ta rasu Baba ya dawo gidanmu da zama. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ambulan da hatimi kawai ya sani. Bara ya je wajen masu tsofaffin ƙarafa ya jajibo wani ƙaramin injin feƙe ƙarfe, irin wanda ake ɗaure ƙarfe a bakinsa yana juyawa ana sassaƙa shi. Tsatsa ta gama cinye shi, amma ya ce sai ya tashe shi. Ya mamaye ɗakin ajiyarmu, ya kwance injin gunduwa-gunduwa, ya jera a gwangwanayen madara. Da farko har daɗi na ji, don ya daina zaman bakin ƙofa yana kallon bango.

Fitinar duk ta zobba ce. A jikin sandunan injin akwai wasu 'yan zobban ƙarfe masu tsagaggen baki da ƙananan huji biyu, suna zama cikin 'yar tsaga su hana giyar injin zamewa. Kafin giya ta fita sai an buɗa zoben an zare shi. To Baba da ƙusa da sukundireba yake ɓanɓararsa. Da zoben ya kuɓuce sai ka ji ƙyas, ya yi sama, daga nan gida ya koma rarrafe. Ni da kayan fita aikina a ƙarƙashin tebur, maigidana da maganaɗisu ɗaure a igiya, Baba na tsaye yana ba da umarni. An tsinci ɗaya a takalmin maigidana, an tsinci wani a tukunyar miya bayan an riga an zuba wa baƙi. Shi kuma maigidan, maimakon ya taya ni magana, dariya yake, wai surukinsa na taimaka mana da motsa jiki.

Ni abin ba ya ba ni dariya, don ido ɗaya ne da Baba. Na hagun ya mutu tun yana saurayi. Na tashi takanas na sayo masa filaya mai siririn baki, wadda mai shago ya rantse ta zobba ce, da tabaran kariya. Ya karɓa, ya sa min albarka. Ya matsa filayar, bakinta ya tsuke, ya yi murmushi ya rataye ta a ƙusa saitin fuskarsa. Kullum sai ya goge ta ya shafa mata mai, amma bai taɓa kai ta jikin zobe ba. Tabarau kuwa wai gumi yake tara masa. Fisabilillahi wannan ba rainin wayo ba ne?

Ranar Talata zobe ya tashi ya tsaga masa fata a ƙarƙashin idon mai gani, saura ƙiris ya sami ƙwayar. Na goge jinin, na yi masa faɗan da ban taɓa yi ba, a gaban surukinsa, na ɗauko kwaɗo na garƙame ɗakin. Yanzu ya koma bakin ƙofa. Gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, abinci ma sai ya tsakura ya ture. In na buɗe ya makance, ina zan sa kaina? In na bar ɗakin a kulle, ga Baba ina kallo yana yamushewa. Na rasa tudun dafawa.

Wadda Ta Gaji Da Rarrafe

AMSA

Ƙanwata, sannu da rarrafe. Tsoronki yana kan hanya. Mai ido ɗaya ba shi da na canji, kuma Baba bai kyauta ba da ya ajiye tabarau. Ki fara da kai shi likita ya duba idon. Sai dai ke ma kin zarce: kina tsaron ido, kina neman rasa mai idon. Wannan injin ne ya tashe shi daga zaman makoki, kin kuma mayar da shi.

Ni a gindin bencin mai gyaran injin niƙa na girma, saboda haka bari in gaya miki abin da Baba ya ƙi faɗa. Filayar zobba iri biyu ce. Wadda bakinta ke tsukewa in an matsa, ta zoben da ke zama cikin rami ce. Zoben da ke kan sanda, irin nasa, buɗa shi ake yi, sai da wadda bakinta ke buɗewa in an matsa. Ke da kanki kika rubuta cewa ta tsuke. Ba daidai kika sayo ba, shi kuma ya yi miki kawaici, ya gwammace ya ci gaba da ƙusarsa da ya ce kyautar 'yarsa ba ta yi ba. Kawaicin nan saura kaɗan ya ci ido, kuma wannan laifinsa ne.

Tunda a gaban surukinsa kika yi faɗan, a gabansa za ki ba da haƙuri, ki miƙa masa makullin hannu da hannu. Sannan ku je shago tare da zobe ɗaya, a gwada bakin filayar a hujinsa, ya zaɓa da kansa. Ku haɗa da sabbin zobba na ajiya. Wanda aka buɗa fiye da kima ba ya komawa ya riƙe, a jefar da shi, wanda ya tashi kuma a yi masa fatan alheri. Ya riƙa cire zobe hannunsa cikin farar leda, in ya kuɓuce ba inda za shi. Tabarau dai ba ciniki: a nemo mai 'yan hujin shan iska a gefe, maigidanki mai dariya ya ajiye maganaɗisu ya zama mai tuni.

Tsohuwar filayar kuwa, kada ki mayar wa mai shago. Ki bar ta a ƙusarta. Kin tambaye ni ko rainin wayo ne. Mutum ba ya shafa wa abin da ya raina mai kullum, ƙanwata.

Allah ya kare idon Baba, ya ji ƙan Mama, ya nuna muku ranar da injin zai juya.