Abin da Inna Ta Ajiye a Cikin Kwanuka

Zango, Lome
Disamba 1988

Zuwa ga Yaya Boubacar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da Assana da yara, Allah ya sawwaƙe muku sanyin Lyon. Mu nan sai godiya. Inna ƙafarta ta yi sauƙi, har kasuwa take zuwa, kuma za ka ga a ƙasa cewa wannan ba duka ne alheri ba.

Ka san kwamfutar da ni da maigidana Moumouni muke zanen atamfa da ita a shagonmu na Hanukope. A cikinta akwai wani faifai kore mai haƙora kamar na zinariya, masu sana'a suna ce masa kart grafik, shi ke fito da launi. Watan jiya wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, ya ƙone. Ga shi kuwa mun karɓi aikin zanen ankon da matan jam'iyya na unguwa za su yi rawa da shi a bikin Janairu. Shugabarsu ta zo da kanta, ta gaya mini cikin fara'a cewa wanda ya makara da aikin biki ba makara ya yi ba, zagon ƙasa ya yi. Ka san inda ake kai masu zagon ƙasa, kuma sunan Moumouni ne a kan shagon.

Na shiga gari nema. Yaya, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Faifan da muka saya bara ya ninka kuɗinsa uku, kuma ko da kuɗin babu shi. Wai ƙananan ƙwayoyin da ake manna masa ne suka yi ƙaranci a duniya baki ɗaya, har a Amurka layi ake yi. Na ji daɗi da na ji akwai layin da ba mu muka fara shi ba. Wani mai shago kusa da babbar kasuwar Asigame ya nuna mini guda biyu da suka rage masa, ya faɗi farashin da ya sa na nemi kujera. Ran nan na biya ta gidan Inna ina ta mita, na ce mata abin nan kowane mako sai ya hau, ya fi zinariya. Ta dai saurare ni tana tsinkar zogale. Da muka haɗa abin da za mu iya na koma, mai shagon ya ce ai wata Hajiya daga Zango ta kwashe duka biyun, ta kuma yi masa cinikin da har yanzu kansa ke ciwo.

Ranar Juma'a na je gaishe ta, ta ja ni ɗaki ta buɗe kabad. Ka tuna jeren kwanukan da ta tara tun aurenta, waɗanda take cewa su ne bankinta? Ta sayar da saiti biyu. Ta ɗaga murfin babbar samira, ga faya-fayen nan biyu kwance a kan ƙyalle, suna ƙyalli. Ta ce tunda na ce sun fi zinariya ta ga gara ta ajiye mana su kafin su ƙara hawa. Har na fara hamdala, sai ta ƙara da cewa iskar teku ta dusashe haƙoransu, don haka ta goge su da toka da lemun tsami yadda take yi wa kwanukanta, ta ɗauraye, ta shanya a rana, ta shafa musu man kaɗe kada su yi tsatsa. Na yi shekaru a jami'a, amma babu darasin da ya shirya ni wa wannan. Na karɓi murfin samirar na tsaya riƙe da shi har ta tambaye ni ko juna biyu gare ni.

Na lallaɓa ta ta ba ni su na kai shago, Moumouni ya gwada su. Na farko bai ce komai ba, na biyu ya yi ƙauri kamar ana suyar ƙosai. Ba mu gaya mata ba. Na mayar mata da su cikin samirar, tana nan tana jiran su hau.

Don Allah, Yaya, ka nema mana ɗaya a can, ko na hannu ne, irin da na rubuta a bayan takardar nan. Ka ba duk wanda zai sauka Lome kafin ƙarshen wata, ya damƙa wa Moumouni hannu da hannu a Hanukope. Kada ya biyo da shi ta Zango ko da shan ruwa ne.

Ka gaida Assana da Asiyatu da auta Oumarou. Moumouni yana gaisuwa, ba ya barci sosai amma yana gaisuwa. Inna ma ta ce a gaishe ka da kyau, kuma in tambaye ka nawa ake sayar da abin a Lyon, don tana da sauran saiti ɗaya.

Ƙanwarka,
Sahada